Mayafin Gadon Ropa

Litinin, 2 ga Satumba, da hantsi

Na kwaso saƙar Sisi Sekesai daga gidanta na kawo nawa. Ga ta nan cikin baho a tsakar falo, tun safe nake kewaye ta na kasa sa hannu.

Abin da ya same ta ranar Alhamis a bakin famfo ba zan rubuta shi ba. Rabin layinmu ya gani, rabin Chitungwiza ya ji. Tana asibiti, tana gane mutane, shi ke nan.

Yayata ba ta taɓa haɗa aiki biyu wuri ɗaya ba. Kowanne da jakarsa ta garin masara, wankakkiya, da kwarashinsa a soke, da zarensa. To ranar Juma'a matan zumunta suka ce za su zo gidanta addu'a, ni kuma sarauniyar tsafta na ga jakunkuna birjik a kan kujeru, na zazzage su duka cikin baho ɗaya don mutane su sami wurin zama. Sun zauna, sun yi addu'a, sun sha shayi, sun tafi sun bar ni da baho.

Aiki huɗu ne a ciki. Shawul na jaririn da matar fasto za ta haifa. Kwalar wuya ta sababbin matan zumunta. Saƙar kujeru da maƙwabciyarmu Maman Tichaona za ta tsallaka iyaka da ita ta sayar a garin Musina. Sai mayafin gadon Ropa.

Ropafadzo ita kaɗai ce 'yar Sisi mace, bikin kicin ɗinta kuma, wanda mata ke tara wa amarya kayan ɗaki, ranar ashirin da takwas ga wata ne. A gidanmu uwa ce take saƙa wa 'yarta mayafin gado da hannunta. Babarmu ta yi wa Sisi, ta yi mini. Sisi ta faro na Ropa daga tsakiya yana buɗewa kamar fure, ya rufe saman katifa, saura abin da zai zubo gefe.

Talata, da rana

Fari kala uku ne a bahon nan. Duk wanda ya ce fari ɗaya ne a duniya ya zo ya zauna a falona.

Laraba, 4 ga wata, da yamma

Na dawo daga asibiti. Na kai mata kunu da lemo, ta sha kaɗan. Maganarta tana fitowa ta gefe ɗaya, sai na sunkuya nake ji. Ni na ɗauka za ta tambayi Ropa ko kajinta. Ina! Jakunkunanta ta tambaya. Na ce suna nan lafiya lau, ban ce baho ba. Ta ce in ƙarasa na matar fasto da na coci da na Musina, kada a ce ta karɓi aikin mutane ta kwanta a kai. Sai ta damƙe wuyan hannuna da damanta.

"Na Ropa kada ki taɓa. Ni zan gama."

Na ce to, Sisi.

Da zan fita likita ya tsayar da ni a baranda. Yaro ne ƙarami, yana magana yana wasa da biro. Ya yi bayani mai tsawo a kan hannun hagun. Na gode masa, na shiga kombi. Kwandastan ya cusa mu huɗu-huɗu, wata ta ɗora mini buhun dankali a cinya, na riƙe mata shi har na sauka.

Alhamis, da safe

Maman Tichaona ta shigo duba kayanta, ta ga baho, ta dafe ƙirji ta tambaya ko ɓarayi ne suka shiga. Na ce ni ce ɓarauniyar, ta zauna ta taya ni ko ta koma inda ta fito. Ta zauna, amma bakinta bai zauna ba. Wai kwarashin da na soka a shawul na kujeru ne, shi ya sa layin da na yi jiya ya buɗe har yatsan jariri zai shige. Wai siririn nan da nake sosa kai da shi na mayafin Ropa ne, in ya ɓata sai an je Harare. Matar nan ta iya aiki, amma in ta gyara maka abu sai ka gwammace da ka bar shi a ɓace.

Mun raba su. Kowane aiki na sa shi cikin rigar filo, na ɗora a kujerarsa, na ɗaura masa ƙyalle mai launi daban. Na Ropa na ɗaure bakinsa tamau na ɗora saman kabad.

Juma'a, da yamma

Mijina Baban Kudzai ya dawo daga aiki ya tsaya a falo yana tambaya ina mai gida zai zauna a gidan nan. Na nuna masa bokiti. Ya ci sadzarsa, tuwon masara, a kan bokiti yana gunaguni, ko a jikina.

Asabar, 7 ga wata, da rana

Na fito da shawul rana don in ga aikina, sai ga zane ya raba shi biyu: na Sisi fari tas, nawa kamar an jiƙa shi a madara. Zaren kwalar coci na yi amfani da shi. A cikin ɗaki duk ɗaya suke, ga shi tun asuba aka ɗauke wuta. Aikin kwana biyu na warware, ina warwarewa ina zagin kaina da duk sunan da na sani.

Ni fa ba gwanar saƙa ba ce. Na iya, amma aiki ɗaya nake yi, in gama, in ɗauki wani. Sisi ce mai riƙe huɗu lokaci guda tana hira tana leƙa tukunya.

Litinin, da hantsi

Safe shawul, rana kwala, yamma kujeru. Haka na tsara. Na kuma manta da wake a wuta.

Talata, 10 ga wata, da yamma

Ropa ta biyo daga wurin aikinta. Ta rame, yarinyar nan. Ta wanke mini kwanuka ba tare da na sa ta ba, ta daɗe tana goge kofi ɗaya, sannan ta kira ni yadda ake kiran ƙanwar uwa, ta ce, "Mainini, a bar maganar mayafin nan. Na ga wani a shago, mai kyau ne."

Raina ya ɓaci sosai. Na ce mata mayafin shago a bikin 'yar Sekesai, gaban dangin miji da suka san sana'ar uwarta? Matar da ta saƙa wa rabin amaren unguwar nan? Ta ce to ya za a yi, Mama ta ce ita za ta gama. Na ce haka ta ce. Ba ta tambaye ni abin da likita ya faɗa ba, ni ma ban tambaye ta ko ya tsayar da ita a barandar ba.

Da ta tafi na tsaya ina kallon saman kabad.

Laraba, da safe

Ban taɓa ba.

Laraba, da la'asar

Na sauko da shi. Dubawa kawai na yi.

Alhamis, 12 ga wata, da rana

To, na fara. Wa zai gane? Zare ɗaya, kwarashi ɗaya, kuma na zauna na ƙirga furen Sisi har na haddace shi. In ta dawo ta tarar ya ƙaru, zan ce ta manta inda ta tsaya ne, ciwo yana sa mantuwa. In hannun ya tashi sai ta yi bakin da kanta, ta ce ita ta gama, babu wanda ya yi ƙarya sosai.

Ban je zumunta ba yau. Na aika an ce ina jinya, gaskiya ce ai.

Asabar, da yamma

Yana tafiya. Shawul ya kwanta, kwala ta kwanta, Maman Tichaona tana aiko saƙo ina ce mata gobe. A asibiti Sisi ta ɗaga kofi da dama ta sha da kanta. Ɗaya hannun suna ɗora mata shi a kan filo, in ya zame sai ta ce in mayar mata.

Litinin, 16 ga wata, da rana

Yau na ga ta kaina.

Maman Tichaona ta gaji da gobe ta zo da ƙafarta, ta same ni da mayafin a cinya. Ta ce ashe, ashe. Na ce ta rufe mini baki ta kama mu shimfiɗa a tsakar gida in ga tsawonsa. Muka shimfiɗa a tabarma. Ta ja da baya tana kallo, ta fara dariya, sai kuma dariyar ta tsaya mata a wuya.

Furen Sisi duk ganyensa sun karkata gefe ɗaya, suna bin juna tun daga tsakiya. Daga inda na karɓa suka juya baya. A cinya ba a gani, amma daga nesa ko yaro zai nuna wurin da yatsa.

Sisi bahaguwa ce. Ita zagayenta yana bin nan, nawa yana bin can. Ni da na girma muna cin tuwo kwano ɗaya gwiwar hannunmu tana karo, ni da Babarmu ta zaunar gaban Sisi ta ce in kalle ta kamar madubi, ni ce na manta. Ban manta ita bahaguwa ba ce, wannan hannun kullum yana raina. Ban dai kawo cewa zaren ma ya sani ba.

Maman Tichaona ta ce ko in warware, ko in koyi hagu kafin biki. Ta faɗa a hankali, babu tsiya, wannan ya fi ba ni haushi.

Talata, da safe

Na gwada hagu a wani guntun zare. Abin da ya fito ko kaza ba za ta kwana a kai ba.

Talata, da yamma

Ban warware ba. Na ƙara zagaye biyu don haushi.

Laraba, 18 ga wata, da la'asar

An sallame ta. Gidana muka kawo ta, don nata akwai matakala. Na tura mayafin ƙarƙashin gadona, rigunan filon kuma na jera su a falo yadda za ta gani ta san ina da tsari. Ta kalle su ɗaya bayan ɗaya daga kan keken marasa lafiya, ta tambayi ina jakunkunanta. Na ce na wanke. Ta ce shuɗin ƙyalle ba a ɗaura shi a farin zare, yana zuba. Ko zama ba ta gama yi ba.

Ta ce ina na Ropa. Na ce yana gidanta cikin akwati, makullin yana hannun Ropa.

Alhamis, da rana

Sun ba ta ƙwallon roba ta riƙa matsawa. Takan sa shi a tafin hagun ta rufe yatsun da damanta, ta saki, yatsun su buɗe, ƙwallon ya gangara ƙarƙashin kujera. Ni ce mai ɗaukowa. Yau na ɗauko har na daina ƙirgawa, tana cewa kin gani, ɗan yatsan ya motsa. Na ce na gani.

Shawul ya ƙare. Ta duba ta ce ba laifi, wanda a bakin Sisi yabo ne babba.

Juma'a, da safe

Ina na Ropa. Ina na Ropa. Da shi take karyawa.

Asabar, 21 ga wata, da yamma

Baban Kudzai ne. Yana neman takalminsa a ƙarƙashin gado ya jawo mayafin, ya fito falo da shi a hannu yana tambaya ko wannan ma kujera za a ba shi. Ina kicin na ji gidan ya yi tsit.

Sisi ta sa ya shimfiɗa mata a ƙasa. Ta daɗe tana kallo. Ba ta yi faɗa ba, da ma faɗan ta yi. Ta ce a ɗora mata a cinya, ta zare kwarashin, ta danne mayafin da gwiwar hannu, ta kama bakin zaren da dama ta fara ja. Aikina na kwana tara yana tsiyayewa ƙasa ina tsaye da ludayi.

Na yi magana, ban san na tara ta haka ba. Na ce saura mako guda. Na ce bayana ya ƙage, idona yana ruwa, na bar gidana da cocina da barcina ina bautar zarenta, ita kuma daga kan keke tana mulki. Na ce 'yarta za ta shiga gidan miji da rabin mayafi saboda taurin kan uwarta. Ta ce nata ne, ita za ta gama. Na ce da wane hannun? Na ce, "Likita ma ya ce..." sai na kama bakina.

Ta daina ja.

"Ya ce me, Netsai?"

Na ce miya tana ƙonewa, na koma kicin. Ina jin ta ta ci gaba da ja har ta kai inda hannunta ya tsaya.

Lahadi, da rana

Ba ta yi mini magana ba. Na naɗe zaren da ta warware, duk ya nannaɗe. Na ji kunya, kuma har yanzu ina jin haushi, duka biyun.

Litinin, 23 ga wata, da hantsi

Ta sa na ɗaure mata kwarashin a hannun hagu da tsumma, tsakanin yatsu, ta ce in fita in ja ƙofa. Na zauna a dakali da kwalar coci. Na yi layi ɗaya sau uku.

Litinin, da yamma

Maman Tichaona ta karɓi saƙar kujerunta ba ta duba ba. Ta leƙa ta taga ta ga Sisi, ta dawo, ta tafi ko sallama babu.

Talata, da rana

Yau ma na ɗaure mata. Tsumman ya yi mata shaida a fata, ta ce in ƙara matsewa, ai ba ta ji. Da na shiga da abinci zaren yana nan inda yake jiya.

Laraba, 25 ga wata, da hantsi

Ta kira ni tun ban gama shara ba. Ta ce in kwance tsumman. Na kwance, kwarashin ya faɗo a cinyarta, ta ɗauka da dama ta miƙo mini.

Ba ta sake tambayar abin da likita ya ce ba. Cewa ta yi, "Tun ran nan kin sani?" Na ce e. Ta ce Ropa fa? Na ce ina jin ta sani. Ta gyaɗa kai, ta kalli taga, ta ce to ashe ita kaɗai ce baƙuwa a gidan.

Na fara cewa zan gwada kifa shi in yi ta baya ko furen zai bi nata, ta ce in bar wannan wayon, bayan saƙa ba ya zama gaba. In yi da hannuna yadda yake tafiya. Kuma a nan gabanta zan zauna, ba ƙarƙashin gado ba.

Na yi kuka, ita ba ta yi ba. Ta ce in share hancina kada in ɓata mata farin zare.

Alhamis, da rana

Kin ja da yawa. Kin saki da yawa. Ba nan ba, na gaba. Allah ya ba ni haƙuri da matar nan, in ba haka ba ɗayanmu ba za ta ga biki ba.

Juma'a, da la'asar

Bai kai yadda ta so ba, tafi ɗaya kawai ya zubo gefen gado. Na yi masa baki, na wanke, na shanya. Daga bakin ƙofa ana ganin inda ya juya. Ta hana in ninke shi yadda wurin zai ɓuya.

Asabar, 28 ga wata, gab da faɗuwar rana

Mun dawo. Ƙafafuna sun kumbura.

An cika tanti, dangin miji a gaba da zannuwansu iri ɗaya. Ropa tana zaune a tabarma kanta a sunkuye, ana buɗe kaya ɗaya-ɗaya, mai kyauta ta fito ta taka rawa. Tukwane, bokitai, faranti. Da aka zo kan mayafin mata huɗu suka kama kusurwa suka ɗaga shi sama. Aka yi guɗa, sai guɗar ta ɗan rage, na ga wata gwaggon ango ta karkata kai tana bin furen da ido tana taɓa ta kusa da ita.

Mai gabatarwa ta ce aikin uwar amarya ne, kowa ya san hannun Sekesai, a tafa mata daga inda take. Ni na ji daɗin haka, na ce shi ke nan an wuce wurin. Sisi ta ce a kawo mata abin magana.

Ta ɗauki hannunta na hagu da na dama, ta ɗaga shi sama yadda kowa zai gani. Maganar ta fito a karkace, amma babu wanda bai ji ba.

"Wannan ne ya fara. Inda kuka ga ya juya, nan ya tsaya, kuma ya tsaya ke nan. Sauran na ƙanwata ne." Ta mayar da hannun cinya ta juyo gare ni. "Tashi ki yi mana rawar, Netsai. Ni na gama."

Ropa ta ɗago kai, abin da amarya ba ta yi. Aka buga ganga. Na tashi na yi, ban ga komai ba sai ruwa, na taka wa wata ƙafa ban ba ta haƙuri ba. Ban taɓa ƙin rawa kamar ta yau ba, kuma sai da na yi ta har mai gangar ya gaji.

A mota muna dawowa, mun wuce kasuwa ke nan, sai Sisi ta ce bakin da na yi ya saki ta gefe ɗaya, ta gani da aka ɗaga.

Na ce na sani, Sisi.